Baba da Tulunan Rumawa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Baba ya riga mu komawa wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Hadayek el-Maadi a Alƙahira, taga a buɗe yadda yake so, ƙarar jirgin ƙasa na metro tana shigowa kamar kullum. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma gara in faɗa tun yanzu: mai rubutun tana da kishi, kuma mutuwar ba ta rage mata ko kaɗan ba.

Kafin la'asar gidan ya cika. Matan ma'aikatan ofishin jakadanci sun zo daga unguwar Mohandessin da kulolin abinci. 'Yan kasuwar Nijar sun jeru a kan matakalar bene saboda falon ya yi kaɗan. Ɗaliban jami'ar addini sun karɓi karatu, suna yi suna kallon juna don a ji wanda ya fi iya fitar da harafi. Matan Sudan daga unguwar Arba wa Nus sun zauna a ƙasa cikin lafayoyinsu, suna kuka a hankali. Kowa ya gaida Umma, ya juyo ya ce mini, "Sannu, ya haƙuri?" sannan ya tambaye ni inda ake ajiye kofuna.

Washegari ƙanwata, Auta, ta sauka daga Abuja, inda take aure. A ranar ne na ga yadda ake ta'aziyya ta gaske. Mata suka taso mata tun daga bakin ƙofa. Maƙwabciyarmu 'yar Masar ta rungume ta tana cewa, "Ya habibti, ke ce hasken idonsa." Wata dattijuwa ta dafa kanta ta ce, "Allah sarki, yau dai an yi marainiya." Ina tsaye a wurin da tire a hannu. Ni ma uban nan ne ya haife ni, ni na yi jinyarsa har ya cika, amma marainiya ɗaya aka gani.

Bayan an shafa addu'a, wani ɗalibi mai sabon gemu ya tsaya a ƙofar ɗakin mata ya yi gyaran murya.

"Umma, akwai 'yar nasiha. Akwatin hotunan nan na marigayi masu surar mutane, da an fitar da shi an ƙona, ya fi masa alheri a inda yake."

Auta ta fashe da kuka. Ni kuwa na ajiye tire, na shiga ɗakin Baba, na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na zauna daram a kansa. Na ce, "Malam, shayinka zai huce." Ya koma wurin zamansa. Amma me kuke tsammani matan suka ce? "Wayyo Auta, za a ƙona mata abin tunawa da ubanta." Ni na zauna a kan akwati, ita aka tausaya wa.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ko Baba ba ya so na. Ba haka ba ne, ko kuma in ce ban taɓa samun hanyar sani ba. Ni ce 'yar fari, Baba kuwa mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa zama da ni a tabarma ɗaya ba. In yana son ruwa ina kusa da shi, sai ya ɗaga murya ya ce wa Umma da ke kicin, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Har na haifi tawa 'yar ina nan a yarinyar nan. A can gida, ɗan fari ba ya asara: iyaye su kau da kai, kakanni su ɗauke shi, su shagwaɓa shi, su yi ta tsokanarsa. To ni a Alƙahira aka haife ni. Al'adar ta biyo Baba cikin jirgi, amma kaka tana Kano. Umma ta gwada kunyar na ɗan lokaci, ta ga ba mai taya ta raino, ta haƙura. Baba bai haƙura ba.

Sana'arsa zanen riga. Karatu ya kawo shi Masar yana saurayi, karatun ya ƙi, hannun ya karɓa. Shi ne yake zana ado a kan shadda da alƙalami kafin masu ɗinkin hannu su bi zanen da zare. Duk babban mutumin da ke son fita ranar Sallah a birnin nan da rigar da za a juyo a kalla, ya san hawa benenmu. Baba ya iya aska biyu da aska takwas kamar yadda ya iya Fatiha, sai dai a wuyan rigunansa akwai wani ganye da ba a san shi a Kano ko Zariya ba: mai baki kamar zarto, yana naɗewa yana sake buɗewa. Daga cikin akwatin nan yake ɗebo shi.

A cikin akwatin akwai tsofaffin takardu masu kauri, sun yi ja-ja saboda shekaru. A kan kowace akwai hoton tulu ko randa irin ta Rumawan da, ko wani yanki na adon gini. Turawan zamanin baya ne suka je suka duba abin da aka tono daga ƙasa, suka sassaƙa kamanninsa a kan farantin jan ƙarfe, suka shafa tawada, suka danna a takarda. Wani tulun hannuwansa macizai ne da suka sarƙe. Wani yana da kan rago a kowane gefe. Wani ganyen inabi ya zagaye masa wuya har da 'ya'yan. A kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya Baba yake tsinto su, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ya fi son waɗanda ruwa ya taɓa ko ƙwaro ya ci gefensu. Yakan ce, "Masu kyau za su sami mai so. Wannan in ban ɗauke shi ba, gyaɗa za a ƙunsa a ciki."

Matsala ɗaya ce: Rumawan nan ba su san tufafi ba. A jikin tulunan da yawa akwai mutane suna rawa tsirara, maza da mata, ko a jikinsu. Baba bai yaga su ba, bai kuma goge su ba. Sai ya yanka ƙananan ƙyallayen shadda daga ragowar aikinsa, ya ɗora wa kowa nasa daidai wurin da ya kamata. Duk sanda zai buɗe takarda sai ya gyara musu zane da ɗan yatsa yana cewa, "Ku yi haƙuri, gidan Musulmi kuka zo." In iska ta shigo ta taga ta kwashe zannuwan, sai ka ji ya ce, "Subhanallahi! A rufe taga, baƙi sun tuɓe."

Akwai rubutu a ƙasan kowane hoto da ba wanda ya iya karantawa. Wani aminin Baba, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya taɓa cika baki cewa shi da ya sha Faransanci ba rubutun Turawan da zai gagare shi. Ya sa tabarau, ya matso, ya ja baya, ya ce, "Bon, wannan tsohon yayi ne." Baba ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar, in mutumin ya yi sallama sai Baba ya ce, "A shimfiɗa wa tsohon yayi tabarma."

Yana da taurin kai a kan aikinsa. Wani babba daga ofishin jakadanci ya taɓa dawo da riga, ya jefa ta a kan kujera ya ce, "Malam, wannan ganyen ba namu ba ne." Baba ya kama gefen rigar da ke jikin mutumin ya murza ya ce, "Ranka ya daɗe, ita wannan shaddar a wace unguwa ta Kano aka saƙa ta?" Mutumin ya fita a fusace, bai ƙara dawowa ba, Baba kuma bai je biko ba. Umma ta yi ta mita cewa ya kori mai kawo abinci, shi kuwa ya ce ganyen ya zauna daidai, abin da ya sani ke nan.

Amma matan Arba wa Nus da ke ɗinka zanen gado da rigar matashi suna sayarwa, kyauta yake zana musu. Yakan hau mota ya tafi can da kansa, ya zauna a ƙofar ɗakinsu ya zana musu ganyen inabi a kan farin yadi. Na taɓa raka shi don in riƙe masa jaka. Na ji da kunnena yana ce wa wata, "'Yata, kada ki ja zaren da ƙarfi." 'Yata! Matar da bai san ko sunan ubanta ba. Na dawo gida na ƙi cin abinci, Umma ta ɗauka zafin rana ne.

Ranar Juma'a ce ranar akwati. In ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sai ya ƙwala wa Auta kira da cikakken sunanta, ya ja shi kamar mai waƙa. Sai ta wanke hannu da sabulu, ta miƙa masa ya shinshina, ko da sauran ƙamshin miya. In ya gamsu, su zauna a tabarma ɗaya, ya riƙa fito da takardun yana yi mata bayani: yadda nauyin tulu yake sauka a gindinsa, dalilin da ya sa hannu ɗaya ba ya kyau sai da ɗan'uwansa, inda ganye ya kamata ya huta kafin ya sake naɗewa. Ni kuwa aikina a ranar tsintar shinkafa ne, kuma a bakin ƙofar ɗakin nake yin sa. Ba a taɓa tsince shinkafa a hankali kamar tawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Auta ba ta damu ba. Tana zaune tana hamma, tana leƙen taga, tana tambaya ko an gama ta je kallon fim. Ita aka ba wurin zama, ni aka ba ido. Duk abin da ya faɗa mata a kunnena ya zauna. Wata rana na zana tulu mai kan rago daga abin da na hango, na lallaɓa na ajiye a kan teburinsa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Da yamma na ji yana ce wa Umma, "A gaya wa mai wannan, hannun dama ya fi na hagu nauyi. In aka ɗauka zai karkace." Shi ke nan. Na gyara na sake ajiyewa. Wannan karon saƙon da Umma ta kawo shi ne, "Ya ce tamam." Wato ya yi daidai. Na riƙe kalmar nan na yi ta juya ta a raina, amma ko ita a bakin Umma na ji ta.

A makaranta ina ganin 'yan matan Misirawa, ubanninsu na jiran su a bakin ƙofa, suna kiran sunansu da ƙarfi a tsakiyar titi, suna sumbatar goshinsu. Har mai gadin benenmu, wanda ke kwana a ƙarƙashin matakala, yana ɗora babbar 'yarsa a wuya ya zagaya da ita. Na yi kishin 'yar mai gadi, ban ji kunyar faɗa ba.

Sau ɗaya na tunkare shi. Na girma a lokacin, na fara aiki a wani ofishi a Mohandessin inda nake zana adon labule da tayil, wato da ganyensa nake cin abinci. Ranar ɗaurin auren Auta ne, ya faɗa a gaban jama'a cewa akwatin nata ne, in ya mutu ta ɗauka. Da baƙi suka watse na shiga ɗakinsa ba sallama, na tsaya a gabansa.

"Baba, nan fa Masar ce. Ba wanda zai yi maka dariya in ka kira sunana. Sau ɗaya kawai."

Bai ɗago ba. Ya laluba takalminsa da ƙafa, ya sa, ya ɗauki hula, ya raɓa ta gefena ya fita. Bai dawo ba sai bayan magariba. Umma ta same ni a kicin ta ce, "Ke wace irin yarinya ce? Kin sa dattijo ya rasa inda zai sa kansa a cikin gidansa. Kunyar nan girmamawa ce." Na ce a kai wa Auta girmamawar, a ba ni tabarmar. Umma ta ce in rufe mata baki. Ba mu ƙara tayar da maganar ba. Da na haifi 'yata ta fari kuwa, na riƙa kiran sunanta safe da yamma, da dalili da babu dalili, musamman in mun zo gidan. Baba yakan girgiza kai ya ce wa bango, "Zamani."

Ciwon suga ya fara da idonsa. Ya daina zane, sannan ya daina fita, daga baya tunaninsa ya fara haɗa jiya da yau. Auta tana Abuja, tana kiran waya, in ya ji muryarta sai fuskarsa ta washe. Ni na dawo gidan da zama. Ni ke ba shi magani, ni ke juya shi, ni ke yanke masa farce. Ko a lokacin, in ya gane ni ce, sai ya juya fuska gefe ya ce, "A ce an gode." Umma ba ta ma ɗakin. Iska yake aika.

Bayan addu'ar bakwai Auta ta fara haɗa kaya. Na zauna a bakin gadon Baba ina kallonta tana cusa takardun cikin jakar tafiya, tana lanƙwasa gefen wasu don su shiga. Ƙyallayen shadda suka zube a ƙasa, ba ta ma lura ba.

"Ki sa kwali a tsakani," na ce. "Za su karye."

"Ma'alish, yi haƙuri, Yaya. Ni wallahi ban san inda zan kai su ba, maigidan ba ya son tarkace." Ta ɗago ta dube ni. "In kina so ki zaɓi ɗaya. Ni duk tuluna ne a wurina."

Duk tuluna ne. Na sa hannu na zaro wata ƙaramar takarda daga can ƙasa. Tulu ne fari fat, ba maciji, ba rago, ba masu rawa, sai siririn layin ganye a wuya, ga kuma tabon lanƙwasa ya ratsa tsakiyarsa.

"Wannan? Duk ga masu kyau? Yalla, ɗauki babba mana."

"Wannan nake so. Khalas, shi ke nan."

Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da cusa kaya. Ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban gaya mata ba. Ga dalilin.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, wata Juma'a bayan azahar, Umma ta fita karɓo magani. Na shiga ɗakinsa na yi sallama. Muryata da ta Auta iri ɗaya ce, ko Umma takan rikice a waya. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya kira sunan Auta, ya ja shi kamar yadda ya saba.

"Yaushe kika zo? Je ki wanke hannu, ki jawo akwatin."

Na tsaya. Sannan na je na wanke hannu da sabulu, na dawo na miƙa masa. Ya kama su duka biyu, ya kai hancinsa. Tun da nake, ranar ce ya fara riƙe hannuna. Ya ce in zauna kusa da shi, na zauna har kafaɗarmu tana gogar juna.

Ba ya gani, amma yatsunsa sun san kowace takarda. Ya kama yatsana ya bi da shi ta gefen hoton, inda farantin jan ƙarfe ya bar ɗan kwari a jikin takarda. Ya ce, "Kin ji? Nan ƙarfen ya zauna. Wanda ba shi da wannan, na jabu ne." Na san haka tun ina tsintar shinkafa, amma na ce, "Ashe?" Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya ko baƙi suna da zannuwansu, na ce suna da su. Ya yi dariya, ni ma na yi, hawaye yana sauka a haɓata ina kau da kai kada ya ɗiga a takarda.

Da ya kai kan ƙaramin tulun nan, ya shafa tabon lanƙwasar.

"Wannan shi ne na farko," ya ce. "Ranar da aka haifi yayarki na saye shi. Matan unguwa sun cika gida, aka fito da ita a zane za a miƙa mini. Ina zan iya, a gaban mutane? Na sa takalmi na gudu. Na yi ta tafiya har Azbakiyya, ban san me nake nema ba. Na ga wannan, ɗan ƙarami, fari, ba abin da aka ɗora masa tukuna. Na saya, na sa shi cikin riga a nan," ya dafa ƙirjinsa, "na rungume shi har gida. Shi ya sa ya lanƙwashe. Na matse shi da yawa."

Ya laluba ya dafa gwiwata, ya rage murya.

"Kada ki gaya mata."

Na ce, "To, Baba."

Tulun yana jikin bangon ɗakina yanzu, da tabonsa. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya haɗa mu a inda ba a jin kunyar kowa. Na yafe masa komai, har cikin raina. Amma ku duba mini wannan al'amari: magana ɗaya tak da na yi rayuwata ina jira, da ya tashi faɗinta, Auta ya gaya wa.